Daga Bagida Zuwa Zango: Tarihin Birnin Lome da Tasharsa

Duk wanda ya dubi taswirar Afirka ta Yamma da idon basira zai lura da wani al'amari game da ƙasar Togo wanda ba kasafai ake samun irinsa ba, shi ne cewa babban birninta, Lome, yana can ƙuryar kudu maso yamma, gefensa jingine da iyakar Gana, gabansa teku, har mutum yana iya tashi daga babbar kasuwa da ƙafa ya isa shingen Aflao tun hantsi bai dubi ludayi ba, alhali kuwa al'adar masu mulki ita ce su kafa fadarsu nesa da maƙwabta. Ƙasar kanta siririya ce, tsawonta daga teku zuwa iyakar Burkina Faso kimanin kilomita 600, bakin tekunta kuwa bai cika kilomita 60 ba, amma duk da haka ƙidayar 2022 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 8 da 'yan kai da ke ƙasar, fiye da miliyan 2 suna zaune a Lome da kewayenta. Sababin wannan zama a bakin iyaka da sababin wannan bunƙasa abu guda ne, wato fatauci. Kuma da yake fatauci ba ya yiwuwa sai da mai kawowa da mai kaiwa, tarihin Lome ba ya cika sai an haɗa labarin jiragen da suka zo ta ruwa da labarin ayarin da ya gangaro ta tudu, wanda Hausawa suke cikin jagororinsa tun farkon al'amari.

Kafin a san wani gari mai wannan suna, yankin wani siririn tudun rairayi ne tsakanin teku da tafkin da ke bayansa, inda ƙabilar Ewe suke da ƙauyukansu irin su Be da Amutibe da Bagida, suna noma da kamun kifi da farauta, kuma ruwayar da suka gada daga kakanninsu tana cewa wani maharbi mai suna Dzitri ne ya fara sare daji ya zauna a wurin. Gaɓar ba ta da wani lungu da jirgi zai raɓa ya tsira daga iska, raƙuman ruwa kuwa suna dukan rairayi dare da rana da ƙarfin da ke kifar da kwalekwale, saboda haka manyan 'yan tijara ba su mai da hankali gare ta ba. Cinikin teku yana Keta ta wajen yamma, inda mutanen Denmak suka gina sansani a 1784, da kuma Aneho ta wajen gabas, kuma abin takaici, hajar da aka fi fitarwa a wancan zamani 'ya'yan Adam ne. Da aka haramta cinikin bayi a kan teku, ribar sansanonin ta ƙare, Denmak ta sayar wa Ingila duk abin da ta mallaka a wannan gaɓa a 1850, sai manja da ƙwararsa suka maye gurbin bayi, domin masana'antun Turai suna bukatarsu wajen yin sabulu da kyandir da man shafa wa injuna.

A can tudu kuwa, nesa da rugugin teku, akwai wani fatauci mai tsohon asali, shi ne fataucin Gwanja. Idan damina ta ɗauke, ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da jar fata da turkuɗi da riguna, madugu yana riƙe da ragamar tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da mashaya, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu ko Sansanin Mango su faɗa Yandi, har su sauke kaya a Salaga, inda goron da aka tsinko a kurmin Asante yake jiransu. Tafiya ce ta watanni, mai cike da fito da gaisuwar sarakuna da fargabar 'yan fashi, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da ita. Sai dai Sarkin Asante bai yarda fataken arewa su wuce Salaga su shiga kurmi ba, balle su kai ga teku, domin ribar da ke tsakanin kurmi da kasuwa ya keɓe ta ga kansa da mutanensa.

Shekarar 1874 ita ce ta rushe wannan tsari, kuma ta fuska biyu ta rushe shi. A watan Fabrairu rundunar Ingila ƙarƙashin Wolseley ta shiga Kumasi ta ƙone ta, ƙarfin Asante ya karye, mutanen Gwanja suka zare wuyansu daga biyayya, shingen da ya tsare fatake a Salaga ya faɗi, hanya ta buɗe ta bin kogin Bolta har bakin ruwa. A cikin wannan shekara kuma Ingila ta shelanta mulkinta a kan Gwalkwas, ta kafa kwastan a Keta, ta ɗora haraji mai nauyi a kan barasa da taba da albarushi, waɗanda su ne kayan da suka fi kawo riba. 'Yan kasuwa suka matsa gabas zuwa Denu inda hannun kwastan bai kai ba. Ingila ta bi su ta haɗiye Denu da Aflao a ƙarshen 1879. Suka sake matsawa taki kaɗan bayan sabuwar iyakar, suka kakkafa rumfuna a kan rairayin da ke gaban ƙauyen Be, suna sauke kaya ba haraji, suna shigar da su cikin ƙasa ta bayan masu gadi. Wannan rairayi shi ne Lome, kuma dalilin da ya sa har gobe birnin yake manne da iyaka ke nan, domin iyakar ce ta haife shi.

Daga 1880 zuwa gaba wurin ya cika da mutane iri-iri, kowa da abin da ya kawo shi: Anlo daga Keta, Mina daga Aneho, 'yan Saliyo masu ilmin akawu, zuriyar waɗanda suka komo daga Barazil irin su Octaviano Olympio, wanda ya dasa gonakin kwakwa ya kuma kafa wurin gasa bulo, sannan ga wakilan kamfanonin Ingila da na Jamus daga biranen Bremen da Hambug. A cikin waɗannan shekaru na farko ne ayarin Hausawa ya iso ta hanyar Salaga, aka nuna musu wuri a gefen gari, suka sauke kaya, suka kafa bukkoki, suka shata masallaci suka daidaita alƙibla, aka kira wurin Zango kamar yadda ake kiran kowane masaukin ayari tun daga Kano har Gwanja. Suna kawo dabbobi da fatu da tufafin arewa, suna komawa da gishiri da yadi da kayan ƙarfe. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, cewa Zango tsaran birnin ne, ya riga fadar gwamna, ya riga babban coci, ya riga gada da reluwe.

Ingila ba ta ji daɗin wannan kasuwa da ke tsotse mata kuɗin shiga a bakin ƙofarta ba, don haka a tsakiyar 1884 jami'inta na Keta, Firminger, ya zo ya yi wa shugabannin gaɓar kashedi cewa ko su kori 'yan kasuwar Jamus ko su ga abin da zai biyo baya. Ana cikin wannan hali sai jirgin yaƙin Jamus mai suna Möwe ya iso ɗauke da Dokta Gustav Nachtigal, mutumin da ƙasashen Musulmi na arewa suka riga suka sani, domin shi ne ya ratsa Sahara daga Tarabulus ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno. A ranar 5 ga Yuli 1884, a Bagida, ya ƙulla yarjejeniyar kariya da wakilan Sarki Mlapa na garin Togo da ke hayin tafki, aka ɗaga tutar Jamus, washegari aka ɗaga ta a Lome, kuma sunan wannan ƙaramin gari na hayin tafki ne ya zama sunan ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suka sa hannu kariyar kasuwarsu suke nema, amma abin da suka samu mulkin mallaka ne na shekara 30, wanda taron Barlin na 1884 zuwa 1885 ya share wa fage.

Bagida ce ta zama mazaunin hukuma na farko, kuma a nan ne kwamishinan farko, Ernst Falkenthal, ya sauka a 1885 ya kafa ƙaramar rundunar 'yan sanda. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa dakarun farko na wannan runduna Hausawa ne da aka ɗauka aiki, kamar yadda Ingila ta yi a Ikko da Gwalkwas, saboda haka Bahaushe ya shiga tarihin ƙasar da fuska biyu, ta falke da ta soja, kuma ba daidai ba ne a ambaci ɗaya a ɓoye ɗaya. Daular Bagida ba ta daɗe ba, domin a 1887 an mai da hukuma Sebe kusa da Aneho, sannan a 1897 shugaban mulkin, August Köhler, ya ɗauke ta ya kai Lome, wadda mutanenta a lokacin ba su wuce kimanin 2,000 ba. Hujjarsa a fili take: Aneho tana matse tsakanin tafki da teku ga kuma yawan zazzaɓi, Lome kuwa tana da sarari, kuma daga gare ta ne hanya ta miƙe zuwa tsaunukan Kpalime da kasuwannin Bolta. Aka shata tituna, aka fara ginin fadar gwamna a 1898 aka gama a 1905, aka kammala babban cocin Katolika a 1902, aka gina asibiti da gidan waya da kurkuku, aka kuma buɗe littafin rajistar filaye wanda ya tabbatar wa iyalan da suka riga zuwa mallakar ƙasarsu.

Amma duk wannan gini ba zai yi amfani ba muddin teku tana nan da halinta. A wancan zamani jirgi yakan tsaya can nesa ya jefa anga, sai matuƙa, da yawansu mutanen Kru daga Laberiya, su tura manyan kwalekwale cikin kumfa, shugabansu a tsaye a baya riƙe da doguwar filafili yana ƙirga raƙuman ruwa, yana jiran wanda zai ba su hanya, idan ya gan shi ya yi tsawa su duƙa da tuƙi gaba ɗaya. In kuwa lissafi ya kuskure da ƙiftawar ido, kwalekwale ya kife, dilolin yadi su jiƙe, akwatuna su nutse, wani lokaci har da rayuka. Gangunan manja mirgino su ake yi a kan rairayi har bakin ruwa. Maganin wannan wahala shi ne gadar ƙarfe da Jamusawa suka buɗe a 1904, wadda ta kutsa cikin teku fiye da mita 300 har ta wuce inda ruwa ke karyewa, da layin dogo a kanta da injunan ɗaga kaya, ta yadda ko fasinja sai a zaunar da shi cikin wani akwati mai kujera, inji ya ɗaga shi sama ya sauke shi cikin kwalekwalen da zai kai shi jirgi. A 1905 aka hana jiragen waje sauke kaya a Aneho, aka haɗa ta da Lome da reluwe mai kilomita 44. A 1907 dogo ya isa Kpalime ƙasar koko. A 1911 ya isa gab da Atakpame ƙasar auduga. Daga nan duk abin da zai fita ƙasar ko zai shigo sai ya bi ta kan gada ɗaya, kuma ko da igiyar ruwa ta karya wani sashe nata a 1911, hukuma ba ta yi jinkirin gyara ta ba, domin kuɗin kwastan ɗin da ake karɓa a bakinta su ne jinin jikin mulkin.

A Jamus ana yabon Togo da cewa ita ce mallakar da ke riƙe kanta ba ta neman taimako, sai dai waɗanda suka biya farashin wannan yabo su ne talakawan da aka tilasta wa aikin hanya da na reluwe, aka yi musu bulala a kan ƙaramin laifi, da kuma al'ummomin arewa irin su Dagomba da Konkomba da Kabiye waɗanda aka murƙushe da bindiga. A cikin wannan zamani kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka yi hijira, da yawansu suka koma Kete-Karachi wadda ta faɗa hannun Jamus. Cikin waɗanda suka zauna can akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, malamin da ya yi limanci ya karantar har rasuwarsa a 1934, wanda jami'in Jamus Adam Mischlich ya yi karatu a gabansa, shi kuma ya rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da al'adunta da ajami. Wannan yana nuna cewa ayari ba haja kaɗai yake ɗauka ba, yana tafe da allo da tawada da littattafan fiƙihu, kuma da wuya a sami zangon da ya kafu ba a ji karatun yara a cikinsa ba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojan Ingila suka shigo daga Gwalkwas suka kama Lome a farkon Agusta 1914 ba tare da faɗa ba, Jamusawa suka ja da baya zuwa Kamina inda suke da babbar tashar wayar iska, suka lalata ta da hannunsu, suka miƙa wuya a ranar 26 ga watan. Ingila ta riƙe birnin har 1920, sannan ta miƙa shi ga Faransa bisa rabon da aka yi, wanda ya bar yammacin ƙasar, har da Kete-Karachi da Yandi, a hannun Ingila. Faransawa suka kafa majalisar dattawan gari a 1922 a zamanin Gwamna Bonnecarrère, suka kawo lantarki, suka gina sabuwar gada wadda ta fara aiki a 1928, suka ja dogo har Blitta. Amma da kasuwar duniya ta faɗi, farashin koko da manja ya karye, hukuma kuma ta ƙara haraji a kan mutanen da ba su da abin biya, sai matan kasuwar Lome suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu a ranakun 24 da 25 ga Janairu 1933, suka yi wa gidan hukuma tsinke har aka saki shugabannin da aka kama. Tun daga ranar kowane mai mulki ya san cewa kasuwa ita ce zuciyar wannan birni.

A duk tsawon waɗannan sauye-sauye Zango yana tafiyar da al'amuransa bisa wani tsari da ba gwamna ne ya kafa shi ba, kuma wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanensa ya bayyana shi a littafin da aka buga a 1983. Ginshiƙin tsarin shi ne mai gida. Baƙo zai taso daga Nijar ko Burkina ko Mali da garken shanu, bai san harshen gari ba, bai san mahaucin kirki da na banza ba, sai ya sauka a gidan wanda mahaifinsa ya saba sauka. Mai gida ya ba shi ɗaki da tabarma da abinci ba tare da ya ambaci kuɗi ba, ya sa yaransa su kula da dabbobin, da safe dillalinsa ya kai su kara, ya duba tozo da cinya, ya yi ta ja-in-ja da mahauta har a sallama. Mahauci kuwa sau da yawa ba shi da kuɗi a hannu, bashi zai ɗauka sai ya yanka ya sayar, kuma wanda ya tsaya masa shi ne mai gida, in ya gudu ko ya karye, mai gida ne zai biya daga aljihunsa don kada sunan gidansa ya ɓaci a arewa. La'ada ce ribarsa, amma jarinsa na haƙiƙa shi ne amana. Haka kuma a sha'anin goro, inda ake kwance huhu a zazzage, a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da sabon ganye, domin sakacin kwana kaɗan yana iya cinye dukiyar shekara. A saman masu gidaje akwai Sarkin Zango mai sasanta rigima da tsayawa gaban hukuma, da liman mai ɗaura aure da raɗa suna da raba gado, kuma ƙarƙashin wannan inuwa Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Kotokoli suka zama jama'a ɗaya, Hausa ce harshen cinikinsu, Musulunci ne abin da ya haɗa su, auratayya kuma ta ƙulla zumuncinsu.

Togo ta sami 'yancin kai a ranar 27 ga Afrilu 1960, lokacin da mutanen Lome suke kimanin 80,000, kuma shugabanta na farko, Sylvanus Olympio, wanda ya fito daga zuriyar da aka ambata a baya kuma ya daɗe yana aiki da kamfanin United Africa Company, ya fahimci cewa zamanin gada da kwalekwale ya wuce. Ya nemi taimakon Jamus ta Yamma, ya aza harsashin tasha mai zurfi a 1962, amma ajali ya riske shi a juyin mulkin 13 ga Janairu 1963, sai a ranar 26 ga Afrilu 1968, a zamanin Shugaba Eyadema, aka buɗe tashar a gabashin gari, a kan hanyar Bagida, inda aka jibge duwatsu aka yi doguwar katanga cikin teku don jirage su shigo su jingina da kansu. Cibiyoyi suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: jami'a a 1970, Bankin Raya Afirka ta Yamma wanda aka kafa a 1973, asusun ƙungiyar ECOWAS wadda Gowon na Nijeriya da Eyadema suka yi ɗawainiyar kafawa a 1975, da bankin Ecobank a 1985. A ranar 28 ga Fabrairu 1975 ƙasashen Turai 9 da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar ciniki da ta ɗauki sunan Lome, wadda aka yi ta sabuntawa har aka maye gurbinta da ta Kwatano a 2000.

A babbar kasuwa kuwa zamani ne na attajiran mata masu cinikin atamfa, waɗanda ake kira Nana Benz saboda motocin da suke hawa. Atamfar ana buga ta ne a Holan, musamman a kamfanin Vlisco, su kuma matan su zaɓi zane su keɓe shi ga kansu, su raɗa masa suna, 'yan sari su zo daga Nijeriya da Kwaddibuwa da Kwango su saya. Sirrin wannan ciniki shi ne dai sirrin 1880, wato sauƙin haraji a Lome alhali maƙwabta sun tsananta nasu. Da farashin ma'adinin fosfat ya hau a 1974, kuɗi suka shigo, aka shiga gina manyan otal-otal da masana'antu, aka ƙudura sake fasalin tsakiyar gari, kuma a nan ne ƙaddara ta faɗa wa Zango. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango, aka kwashe mutanensa aka kai su wani fili kimanin kilomita 15 arewa da gari, a kan hanyar Atakpame, wajen Agoe da Togblekope, nesa da kasuwa da tasha da abokan ciniki, aka gina bankuna da ofisoshi a wurin da suka bari. Unguwar da ta kusa shekara ɗari a birnin an ɗauke ta tamkar ayarin da ya kwana ɗaya. Waɗansu suka karye, waɗansu suka watsu cikin sauran unguwanni, amma mafi yawa suka yi haƙuri suka sake gini daga tushe, kuma cikin hikimar Allah, wurin da aka jefa su ya zama ƙofar arewa ta birnin, inda manyan motocin Burkina da Nijar da Mali suke taruwa kafin su kama hanyar Sinkase.

Birnin ya sha wahala bayan haka: bashi ya yi wa ƙasa katutu, rikicin siyasa ya kawo yajin aikin gama-gari na watanni daga Nuwamba 1992, dubban mutane suka gudu Gana da Benin, aka karya darajar sefa a 1994, gobara ta cinye babbar kasuwa a Janairu 2013. Amma duk sa'ad da wata ƙofa ta rufe a maƙwabta, ta Lome takan buɗe. Rikicin Kwaddibuwa na 2002 ya juyo da kayan Burkina da Mali zuwa nan. A 2014 aka buɗe sababbin wuraren sauke kwantena masu zurfin fiye da mita 16, inda manyan jirage ke juye kaya ƙanana su rarraba su zuwa sauran tashoshi, har tashar ta shiga sahun gaba a Afirka ta Yamma. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 2023, shinkafa da magani da kayan gini na Yamai da Maraɗi suka koma bi ta Lome da Burkina, duk da nisan hanya da hatsarinta. Wanda ya shiga filayen sayar da motoci na bakin tasha yau zai ji Hausa da Zabarmanci ko'ina, zai kuma tarar da dillali da mai masauki suna aikin da kakanninsu suka yi, sai dai tirela ta maye gurbin jaki, wayar hannu ta maye gurbin ɗan aike.

Wannan arziki yana da wanda yake biya masa, kuma Bagida tana cikin masu biya. Ruwan teku a wannan gaɓa yana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas. Madatsar Akosombo da aka gama a Gana a 1965 ta rage abin da kogin Bolta ke kawowa, katangar tasha kuma ta tare ragowar, saboda haka rairayi ya taru ta wajen birni, ta wajen gabas kuwa teku ta shiga cin ƙasa. Daga Bagida zuwa Abepozo har Agbodrafo da Aneho ta cinye gonakin kwakwa da gidajen masunta da maƙabartu, ta haɗiye tsohuwar hanyar mota, har sai da aka ja sabuwa can ciki. Garin da aka gina wa dutsen tunawa a 1984 don cikar shekara 100 da yarjejeniya, shi ne yake kallon ƙasarsa tana raguwa domin tashar da ke ciyar da ƙasa duka ta tsaya da ƙafarta.

Adalci yana bukatar birnin da yake ci daga mashiga ya san haƙƙin waɗanda suka ɗauki nauyinta, masuntan da teku ta kora da fataken da aka tayar, ya tsare gaɓar Bagida da irin himmar da ya zurfafa tasha, ya kuma ɗauki Zango a matsayin ɗan gari mai cikakken haƙƙi. Mu kuma mutanen Zango akwai wajibin da ya hau kanmu. Labarin gada da reluwe da fadar gwamna yana ajiye a ɗakunan tarihi na Barlin da Faris, da ranarsa da adadinsa, amma labarin masu gidajen da suka riƙe amanar baƙi, da limaman da suka karantar, da iyalan da suka sake gini bayan 1977, yana cikin ƙirjin dattawa ne kawai, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Ya kamata matasanmu da suka haɗa karatun allo da na boko su zauna gaban waɗannan dattawa da alƙalami, su rubuta salsalar gidaje da jerin sarakunan Zango da limamansa da hanyoyin da aka bi aka zo, da Hausa da Faransanci, su kuma tabbatar kowane gida da masallaci da makaranta yana da takardar mallakarsa, domin al'ummar da ta rubuta tarihinta ta kuma yi rajistar ƙasarta tana da hujjar da za ta gabatar a duk ranar da aka sake zama don sauya fasalin gari.